Maganin Murar da Na Hana a Dafa

Ba zan taɓa mantawa da daminata ta farko a gidan miji ba. Ko da na so in manta, Hajo ƙanwar maigidana tana nan da ranta, kuma ta riƙe tuna mini abin da ya faru kamar aikin da aka ɗauke ta musamman. Yau duk mun yi jikoki, amma ko a gidan suna muka haɗu aka miƙo mini kofin madara, sai ta leƙo ta ce, "An dahwa ta kuwa? Ku tambayi likita." Ni kuwa ba likita ba ce, ban ma taɓa cewa ni likita ce ba. Sunan tsiya ne ya bi ni tun daga ranar.

Lokacin jiharmu ba ta daɗe da samuwa ba. An kwaso ma'aikata daga Sakkwato an zube su a Birnin Kebbi, gari ya cika, ɗakin haya ya zama abin nema da addu'a. Maigidana shi da abokan aikinsa uku suke cunkushe a ɗaki ɗaya, don haka da aka ɗaura mana aure sai aka kai ni gidan iyayensa a Argungu kafin ya samu wuri. Ran Juma'a da yamma yakan zo, Litinin da sassafe ya koma. Sauran kwanakin ina tare da Inna mahaifiyarsa, da Baba mahaifinsa, sai Hajo wadda gidan aurenta ke bayan namu amma kullum a nan take wuni.

Ni 'yar Birnin Kebbi ce, gidanmu gidan malamai, kuma mahaifina ya bar ni na yi boko har jami'a. Na fito da digiri a fannin sinadaran jikin halittu, da kuma kai wanda ya fi ƙarfin ɗankwali. Wata uku da aure sai ga takarda, an ɗauke ni aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Birnin Kebbi. Sharaɗi ɗaya ne: in bayyana kafin wata Litinin da aka sa, in ba haka ba a ba wani. Na nuna wa maigidana ina rawar jiki. Ya karanta, ya sake karantawa, ya ce, "Ni ba ni da matsala. Sai dai abin da Inna tac ce." (Mutumin da ke sa hannu a takardun gwamnati ke nan, jama'a.)

Inna kuwa cewa ta yi, "Ana dubawa." Sati biyu cur ana dubawa. Ba muguwa ba ce, ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Gidan manoma ne, shinkafa a fadama da damina, albasa da rani, kuma ba a taɓa yin macen da ta tafi ofis a cikinsa ba. Ga shi in na kama aikin, a gidan iyayena zan riƙa kwana har mu samu ɗaki, abin da mutanen unguwa za su fassara da yaji. Kallon da take yi mini irin na kayan auren da aka kawo ne, yana da kyau, amma ba a gano amfaninsa ba tukuna. Ni kuma na rantse a raina sai na nuna mata amfanin.

Ana haka marka ta sauka, ruwa kwana da kwanaki, sai mura ta shigo gidan. Ba 'yar atishawa ba, irin mai zazzaɓin nan da ciwon gaɓoɓi. Ta kwantar da Baba, ta kama Inna. Ruwan kuma ya rufta da bayin mata, saura guda ɗaya a gidan, wanda ke jikin turakar Baba, katangarsa gajeriya, ba rufi. A ƙofarsa daidai rumfar Baba take. Duk wadda ta yi zaman surukuta ta san amarya ba ta yarda surukinta ya gan ta da buta ta nufi can, don haka nakan yi lissafi: in ya tafi masallaci, ko in ya sauka fadama. To yanzu ga shi ba masallaci ba fadama, yana zaune a kan buzunsa daga safe har yamma, lulluɓe da bargo, ɗan rediyonsa a gefe. Na rage shan ruwa, na rage cin abinci, na ci gaba da haƙuri.

Inna tana ta fama da sirace da ganyen dogon yaro, da kunun tsamiya mai citta da kanumfari. Ni ina kallo ina taɓe baki a ɓoye, don na riga na ga ƙofar da Allah ya buɗe mini. Bari in yi muku bayanin yadda na yi wa kaina, don ku san haukar tawa tana da tsari.

Ƙwayar cutar mura riga gare ta, kuma a jikin rigar akwai ɗigo-ɗigon sukari (ba na shayi ba, danginsa dai). A jikinmu kuma, cikin jini da cikin danshin huhu, Allah ya ajiye wasu furotin waɗanda aikinsu kama sukari, ana kiran irinsu lektin. In suka ci karo da ƙwayar sai su maƙale wa sukarin rigarta kamar ƙarangiya a zane, su dunƙule ƙwayoyin wuri ɗaya, su hana su kutsawa, har dakarun jiki masu cinye ƙwayoyin cuta su zo su share su. Wata ƙwayar rigarta ba ta da sukari da yawa, ita sai ta zille. Kafin in gama jami'a na karanta a wata mujalla a laburare cewa ƙila wata rana a samar da maganin mura daga irin waɗannan furotin. "Ƙila" suka ce. "Wata rana" suka ce. Idona ya tsallake kalmomin nan kamar ba a rubuta su ba.

Ga kuma inda shaiɗan ya samu wurin zama. Binciken da na yi na kammala karatu a kan lektin ɗin waken suya ne. Da hannuna na jiƙa shi, na niƙa, na tace, na ɗiga ruwan a jinin zomo, na ga ƙwayoyin jinin sun dunƙule. Da hannuna na tafasa ruwan na sake ɗigawa, na ga bai yi komai ba, wuta ta kashe ƙarfinsa. Sai na haɗa lissafina: mura tana da sukari, waken suya yana da mai kama sukari, wuta tana lalata shi. Ke nan ɗanyar madarar waken suya maganin mura ce. Turawa suna can suna "ƙila", ni a Argungu na gama.

A shekarun nan ana ta koya wa mata yin madarar waken suya, kuma Hajo tana da wajen mudu guda a ajiye. Ran Juma'a da la'asar na karɓa na jiƙa. Asabar da safe, bayan maigidana ya tafi fadama duba shinkafa a madadin Baba, na durƙusa a dutsen niƙa na niƙe shi tas, na tace da ƙyalle. Litinin ɗin da aka sa mini saura kwana biyu. Hajo ta taimaka mini wajen tacewar, sannan ta jawo tukunya ta fara hura wuta.

Na ce, "Kak ki aza ta bisa wuta."

Ta ɗago. "Mi kinka ce?"

"Ɗanya za a sha. Wuta na kashe maganin."

"Amarya, masu koya muna cewa sunka yi sai ta tahwasa, kumhwa ya kwanta, gahin ga ya hita. Ke ba ki jin warin?"

Ina ji mana. Gafin ɗanyen wake har cikin maƙogwaro. Amma sai na gyara tsayuwa na ce, "Su madara sunka koya muku. Ni magani nika yi." Hajo ta kalle ni, ta kalli ƙwaryar, ta janye itacen daga murhu a hankali ta ce, "To, likita." Daga nan sunan ya fara.

Da hantsi na ɗauki ƙwaryar da ludayi da kofuna na shiga ɗakin Inna. Na tarar da mata uku 'yan dubiya, abin da ya ƙara mini daɗi, don ina son shaidu. Na durƙusa na gaishe su, kai a ƙasa kamar mutuniyar kirki, sannan na buɗe baki. Wayyo ni. Amaryar da wata uku ba a ji muryarta ta wuce "ina kwana" ba, ranar sai da na yi lacca. Na yi bayanin riga, na yi bayanin sukari, na kawo zomo. Har da zana ƙwayar mura da yatsa a kan tabarma. Na rufe da cewa kofi ɗaya Inna, kofi ɗaya Baba, zuwa gobe sai labari.

Inna ta saurare ni har ƙarshe tana share hanci da gefen zane. Ta karɓi kofin, ta shinshina, ta ce, "Madalla, ɗiyata. Amma nan garin, duk wanda yak kawo magani shi ka hwara sha. Ko mai tallar sassaƙe a kasuwa haka shikai."

Wata daga cikin matan ta ce, "Awo, haka na."

Nan ne ya kamata hankalina ya dawo. Maimakon haka sai na ji an taɓa mini digiri. Na kafa kai na shanye kofin, ina jin tsikar jikina na tashi. Kuma don kada a ce na yatsina fuska, na ɗebi na biyu na bi shi da shi (ba wanda ya ce in ƙara, wallahi ba wanda ya ce). Inna ta gyaɗa kai ta ce, "Aje muna namu shi huce, sai bayan azahar." Abin da ko wuta bai gani ba, wai ya huce. Ban gane komai ba. Ta miƙe ƙafafunta ta ce in ɗan matsa mata, gaɓoɓinta ciwo suke.

Awa ɗaya ta wuce lafiya, ina matsa ƙafa ina shirya a raina irin zanen da zan ɗaura ran Litinin. Sai na ji wani abu ya juya a ƙasan cibiyata. Na ce yunwa ce. Ya sake juyawa, wannan karon da ƙara, har matar da ke kusa da ni ta waiga ta dubi ƙofa. Miyau ya fara taruwa a bakina, gumi ya karyo mini, ga garin da sanyin ruwa. 'Yan dubiya kuwa kamar an yi shela, wasu na fita wasu na shiga, kowacce sai ta tsaya a kaina: "Amarya, ina gajiya? Ina baƙunta? Ina mutanen Birni?" Ina amsa "lahiya lau" da haƙora a cije.

Kuma me zan ce? In ce wa surukata a gaban baƙi zan zaga? In na fita ma ina za ni, Baba yana bakin ƙofar? Na yi ta karanto duk addu'ar da mahaifina ya koya mini. Na canza zama ya fi sau goma. Inna tana lumshe da ido, sai can ta ce, "Hannunki ya yi sanyi, ɗiyata. Ko maganin na ka aiki?" Na ce, "Shi na, Inna." Aiki kam yana yi.

A durƙushen nan ne karatun da na tsallake ya dawo mini ɗaya bayan ɗaya, lokacin da ba shi da sauran amfani. Lektin iri-iri ne, kowane da sukarin da yake kamawa, kuma na waken suya ba irin na huhunmu ba ne. Bangon hanjin mutum shi ma shafe yake da sukari, kuma wannan kam na waken yana son sa. Mura tana can ƙirji tana harkarta, ni na aika mata da 'yan kamu cikin ciki, sun rasa wanda za su kama sai ni.

Ana kiran azahar abin ya wuce lissafi. Ban san lokacin da na saki ƙafar Inna ba. Na tsallake wata tsohuwa, mayafina ya maƙale a ƙofa na bar shi nan. Na nufi gindin randa, ba buta ko ɗaya, baƙi sun kwashe suna alwala. Na waiga. Buta ɗaya ce ta rage a duk faɗin gidan, kuma tana hannun Baba. Hajo ta ɗuma masa ruwa saboda zazzaɓi, ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya karkata ta ke nan.

Wata uku ban taɓa haɗa ido da mutumin nan ba. In zan wuce rumfarsa sai na cire takalmi tun daga nesa. Ranar da gudu na iso, ba mayafi, ɗankwali a karkace. Kuma abin da ya fi ba ni haushi har yau, tarbiyya ba ta bar ni ba: sai da na ɗan rusuna a guje na ce, "Baba, ina wuni," sannan na fizge butar daga hannunsa na faɗa bayin.

Na gaya muku katangar gajeriya ce, ba rufi, kuma taku uku ne tsakaninta da buzunsa. Ba zan yi muku bayanin abin da ya biyo baya ba, sama da ƙasa dai, kowa ya san ciki. Na toshe bakina, amma ba bakin ne kaɗai matsalar ba. Ina cikin roƙon ƙasa ta tsage in shige, sai na ji rediyon Baba ya ɗaga murya har ƙarshe. Shirin manoma ake yi. Bawan Allah bai tashi daga wurin ba, don tashi zai nuna ya ga wani abu, shi kuma ya riga ya yanke cewa bai ga komai ba. Ya zauna da hannu a jiƙe yana sauraron yadda ake maganin tsutsar shinkafa kamar ransa ya dogara a kai.

Da sau ɗaya ne da sauƙi. Kafin la'asar na koma sau shida, kuma duk sanda ya hango ni tafe sai ya kau da kai ya murɗa rediyon. Na san rufin asiri yake yi mini, Allah ya jiƙansa. Sai dai rufin asirin ya zama shela, don duk wanda ke cikin gidan, har maƙwabta ta bayan katanga, da sun ji rediyo ya ɗaga sun san amarya ta shiga. Ina jiyo Hajo daga madafa tana cewa, "An buɗe tasha!" tana dariya har da tari. Maigidana ya dawo daga fadama da taɓo har gwiwa, ya tsaya tsakar gida yana tambaya, "Wai mi ya hwaru? Baba ya kurumce na?" 

Inna, da zazzaɓinta da komai, ita ta tashi ta haɗa mini ruwan gishiri da sukari yadda ake koya wa mata a asibiti, ta zauna bakin gadona tana ba ni da ludayi. Sauran madarar kuwa ta sa Hajo ta tafasa ta sosai, ta zuba sukari, yaran maƙwabta suka shanye lafiya lau. Ni na juya fuska bango ina kuka, rabi na ciwo, rabi na takaici. Na gama sallama aikin. Wa zai bar wadda ta ƙwace butar surukinta ta je ta taɓa jinin mutane?

Lahadi da hantsi ta aiko a kira ni, ni da maigidana. Na shiga ina bin bango. Ta bar mu a durƙushe ta gama shan kununta, sannan ta ce, "Ɗiyata, ke da ƙuruciyarki kin ga yadda kinka koma. Da Malam surukinki yash sha hwa, da jikin ga nai?"

Wannan tambayar ta fi duk abin da ya faru jiya zafi. Duk kukana na kunya ne, ko sau ɗaya ban tsaya na tuna cewa kofi na biyun da na shanye don burga, na tsoho ne mai zazzaɓi wanda ya kwana uku bai ci abin kirki ba. Na kasa ɗago kai.

Ta ce, "Mun yi magana da shi. Gobe ki bi mijinki ki kama aikinki."

Na ɗago ban shirya ba. Maigidana ma baki ya buɗe.

"Ba don kin iya ba," in ji ta. "Karatun ga naki na da gaskiya ciki, na ji bayaninki, amma bai nuna ba. Can akwai manyanki da za su buge maki hannu in kin miƙa. Nan kowa kunyar digirinki shikai, har mijinki. In kin zauna gidan ga, wata rana sai kin gama da mu."

Haka na samu izinin aiki. Shekara huɗu a jami'a, da takardar gwamnati mai hatimi, da miji ɗan boko, duk ba su karɓo mini shi ba, sai zawo. Litinin da sassafe na je sallama da Baba, na durƙusa daga nesa ina jin kamar in mutu. Ya ce, "Allah shi ba da sa'a, Allah shi tsare," yana kallon wani wuri can saman katanga, kuma har ya bar duniya bai taɓa nuna ya san wani abu ya faru ba.

Na yi shekaru masu yawa a ɗakin gwaje-gwaje, har na zama ni ce mai buge hannun. Masana har yanzu suna kan binciken furotin ɗin nan masu kama sukari, kuma har yanzu da "ƙila" suke magana, ni ma na koyi girmama kalmar. Abin da na ɗauka dai shi ne, abin da ya yi aiki a cikin kwalba bai san hanyar ƙirjin mutum ba sai an nuna masa, kuma nunawar ba aikin amarya ɗaya da dutsen niƙa ba ne. In kuwa kai ya kumbura har sai an gwada, to a fara tabbatar da inda surukai suke zaune.